Tulun Iri a Akurkin Kaji

Wata bakwai ke nan rabon Doha da ruwan sama, kuma ban ji wanda ya koka ba. Wa zai koka? Famfo na zuba, esi na busawa, shinkafa na sauka daga jirgi. Zafin garin nan ma ba irin namu ba ne. Kana buɗe ƙofa zai rufe ka kamar an yafa maka bargon da aka tsamo daga ruwan zafi, tabaranka ya yi hazo, kafin ka kai mota ka jiƙe sharkaf, alhali sama fes take ko gajimare babu. Haka muka cinye bazarar bana, kowa a ƙunshe cikin ɗakinsa. Sai makon jiya aka ce wai wata guguwa tana haɗuwa can tsakiyar teku, kudu da Oman, kuma idan ta karkato muna iya samun ruwa. Shi ke nan Hausawan Doha suka zauce.

Muna da wani zaure a waya, na 'yan Arewa mazauna nan. Likitoci ne da injiniyoyi da malaman jami'a, wasu har da furfurarsu, amma cikin kwana biyu kowa ya koma ɗan duba. Wannan ya turo hoton wani farin abu yana juyawa a kan teku kamar faifai, wancan ya ja masa kibiya da jan layi, wani ya ce, "Allah Ya karkato mana da ita," sai amin ta yi ta zuba. Ni kuwa raina sai ƙara ɓaci yake. Abin nan da ake roƙon ya karkato, kafin ya iso mu sai ya bi ta kan rufin masuntan bakin teku, ya kwashe musu jirage da awaki. Mu kuma me za mu yi da ruwan? Mu ɗauki hotonsa ta taga. Sau biyu ina rubuta haka ina gogewa, don kada a ce matar Alhaji Bashir ta cika baƙin rai.

Ashe a cikin gidana abin zai same ni. Alhaji Bashir mijina ne, injiniyan gas, Bakano ɗan cikin badala wanda bai taɓa riƙe fartanya ba sai a hoto. Ranar Litinin ya dawo daga aiki ya same ni a kicin ɗin gidanmu na unguwar Mu'aither, hancinsa a cikin waya.

"Hajiya, kin ga abin nan kuwa? Sun ce Alhamis ko Juma'a."

Na ce na gani.

"To ai dama ce ta samu. Wannan kwalbar taki ta firij nake magana."

Kwalbar zuma ce, gero ne a ciki, bai kai rabin mudu ba. Gargasa muke kiransa, gero ne mai gashi a zangarniya, tsuntsu ba ya iya cinsa, kuma yana nuna da wuri. Da shi mahaifiyata ta zo gidan aure daga gidan ubanta. Shekara huɗu da suka wuce na taho da mudu biyu don in riƙa dama fura, ban san abin da na ɗauko ba. Ina cikin cinsa 'yan bindiga suka tashi garinmu, suka ƙone rumbuna. Ƙanena Sani ya tsira da iyalinsa da kayan jikinsu, yana Katsina a ɗakin haya. Ya bi dangi da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya fito da ko zangarniya guda. Da na ce zan aika masa da abin da ya rage, cewa ya yi, "Yaya, bar shi wurinki sai mun koma. Nan in yara suka ga gero daka shi za a yi." Abin da ke cikin kwalbar nan shi ke nan gargasar Inna a duniya, iyakar sanina.

Alhaji ya jera mini hujjojinsa. Wani abokinsa yana kula da gona a Umm Salal, can bayan gari, ya ba shi ɗan fegi a gefe. Ruwan rijiyar wurin zartsi ne, ƙasar ta yi gishiri, amma idan ruwan sama mai ƙarfi ya sauka zai wanke ta. Iri kuma ba zinare ba ne, shekara huɗu a firij ya fara mutuwa. Wannan gaskiya ce, kuma gaskiyar tasa ta fi komai ƙona mini rai.

"Sai mu zuba shi a ƙasa tun kafin ruwan ya zo," in ji shi. "Binne ko me kuke ce masa?"

Yana murmushi ya faɗa, yana jin daɗin ya tuno kalmar ƙauye. Ni kuwa ludayin hannuna na ajiye.

Binne shi ne manomi ya shuka iri a busasshiyar ƙasa, ruwa bai sauka ba, don yana sa ran ya kusa. In ruwan kirki ya zo, ya riga kowa. In bai zo ba, zabi da tururuwa su yi biki. Mafi muni kuwa shi ne yayyafi ya zo, ya tashi irin daga barci, ya tafi ya bar shi.

Shekarata goma sha biyu a shekarar da nake nufi. Unguwar Gawo sunan garinmu, ƙasa ce mai yashi a yamma da Katsina. Daminar da ta wuce ba ta yi abin kirki ba, saboda haka tun kafin zafi ya kankama Baba yake shiga rumbu har ƙirji kafin ya taɓo dami. Abinci ya riƙa barin gidanmu bi da bi. Furar rana ce ta fara tafiya. Sai ɗumamen safe ya bi ta, don babu tuwon da ke kwana. Daga nan tuwon kansa ya koma kunu, kunun ya koma tsararo, har kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Aka sayar da awaki, aka sayar da kaji. Muka shiga daji tsinkar yaɗiya, Inna ta dafa ta da dusa da ɗan gishiri, mu ci mu kora da ruwa. Ruwan ma sau biyu ana ƙara wa guga igiya, kuma abin da take fitowa da shi rabi taɓo ne, sai an tace da gefen zane.

Zafin shekarar nan har yau ina jinsa a tafin ƙafata. In rana ta take, yashi ba ya takuwa, daga inuwa sai ka ruga zuwa wata inuwar. Shanu suka daina kuka. Ƙanwata Hassu, 'yar shekara uku, ta daina wasa, sai dai ta kwanta a gindin turmi tana lasar taɓarya. Abin takaicin kuma, kullum la'asar sai hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, har da walƙiya. Iska ta taso da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, mata su fito da tukwane su jera a bakin indararo, mu yara mu tuɓe riguna. Can sai iskar ta juya, ta kwashe shi kaf, ta bar mu da tukwane a bushe.

Sau biyu ruwa ya sauka a farkon daminar, sau biyu Baba yana shuka. Na farko ya tsiro ya kai tsawon yatsa ya ƙone. Na biyu ko haka bai kai ba. Irin Baba ya ƙare tas, na gero da na dawa. Abin da ya rage a gidan sai gargasar Inna, wadda take nomawa a gayaunarta, take ajiye irinta gauraye da toka a cikin tulu. Kowa ya san da tulun. Baba kuwa ya fara kallon ƙofar ɗakinta in zai wuce.

Ranar da maza suka fita roƙon ruwa da hantsi, rigunansu a juye, gari ya yi tsit, sai Inna ta leƙo ta kira ni.

"Rabi, taho ki riƙe mani."

Na bi ta bayan ɗaki, wurin akurkin kajinmu da babu kaji. Ta riga ta haƙa rami a ciki. Ta miƙo mini murfin tulun na riƙe, ta duba irin, ta karɓa ta rufe, ta liƙe bakin da laka, ta saka tulun a ramin ta mayar da ƙasa, ta watsa busasshen kashin kaji a kai.

"Kin gani ko? To ba ki gani ba. Kada ki hwaɗa ma kowa, ko babanki."

Na ce to. Har wani girma na ji ya hau kaina, an ba ni amanar manya.

Bayan kwana kaɗan Baffa Idi, ƙanen Baba, ya shigo gidanmu da rediyonsa a kafaɗa. Shi kaɗai ke da rediyo a unguwar, saboda haka duk abin da ya faɗa ya zama ilimi. Ya ce an faɗa a labarai, ana can ana tafka ruwa a wata ƙasa ta gabas, har gidaje sun rushe, mutane sun hau bishiyoyi.

"Yaya, ruwa daga gabas yake tahowa, kowa ya sani. Wanga da ya rushe masu gidaje shina bisa hanya. Kwana ukku, in ya daɗe huɗu."

Baba ya ɗaga hannu yana hamdala. Gidajen mutane sun rushe, mu muna hamdala. Wannan nake tunawa duk sanda na ga amin tana zuba a waya.

Baba mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Bai taɓa ɗaga wa Inna hannu ba, kuma nasa kunun yakan tura wa Hassu ya ce ya ƙoshi. Cutarsa guda ce, sa rai. In ya ga gajimare kamar tafin hannu, a ransa ya riga ya ɗaure dami. Da yammar nan ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya ce ta fito da tulun, gobe za a yi binne.

"An cinye," in ji Inna.

"Yaushe?"

"Yaushe kuwa? Kunun da kuke sha daga sama yake saukowa?"

Ya shiga ɗakin ya duba ƙarƙashin gado, ya buɗe tukwanen jere, ya fito yana huci. Inna ta koma bakin turmi ta ci gaba da kirɓa dusa, tana magana da taɓaryarta yadda kowa zai ji.

"Ganin hadari dai shi ke sa wanka da kashi."

Washegari ina dawowa daga rijiya da tulu a kai, na tarar da Baba a gindin gawo yana jirana. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai Uwata. Duk gidan an san ni ce 'yar gaban goshinsa. Ya sauke mini tulun da kansa, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da nawa. Da duka ya yi, wallahi da na daure.

"Uwata, kin taɓa yi mani ƙarya?"

Na girgiza kai.

"Kina ganin Hassu. In muka riga kowa shuka, kwana saba'in gargasa ta nuna, ta ci tumu har ta bari. In muka zauna, ruwa ya zo ya wuce mu, mi za mu ba ta? Hwaɗa mani, Uwata. Ina innarki ta kai shi?"

Ban ma yi gardama ba. Hannu kawai na ɗaga na nuna bayan ɗaki, na ce, "Akurki."

Da ya fito da tulun yana kakkaɓe kashin kaji, Inna tana tsaye a tsakar gida. Ba ta kalle shi ba. Ni ta kalla, kallo ɗaya, sannan ta juya ta ɗauko ƙoƙuna ta raba mana. Har da ita aka tafi gona. Baba da Baffa Idi suna gaba da sungumi suna sara, ƙasa na tashi fari fat, mu muna biye, mu ɗebo iri da yatsu uku mu jefa a rami mu rufe da diddige. Yashin yana cin ƙafa, tokar irin tana cin hannu, Baba kuwa har waƙa yake yi. Inna tana layin kusa da nawa tun safe har azahar. Da ƙoƙonta ya ƙare ta kife shi a kanta ta kama hanyar gida.

A rana ta huɗu ruwan ya zo. Da ma bai zo ba. Hadari ya haɗu kamar za a tashi duniya, aka yi tsawa, aka yi iska har ta yaye mana danga, sannan aka yi yayyafin da bai fi a karanta Fatiha bakwai ba. Baba ya ruga gona ya tona da yatsa. Danshin bai wuce gaɓa biyu ba, ƙarƙashinsa busasshen yashi ne mai zafi. Ya ce ai somin taɓi ne, babban na tafe. Bayan kwana uku gonar ta yi kore shar, layi-layi, siraran ganye kamar allura. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, ban kuma taɓa ganin abin da ya mutu a idona sannu a hankali irinsa ba. Kullum sai na je. Suka nannaɗe, suka yi fari, suka kwanta. Ranar da na taɓa ɗaya ya murmushe a hannuna ban sake komawa ba. Ruwan kirki bai sauka ba sai bayan kusan wata guda, lokacin babu ƙwayar da za a jefa a ƙasa.

Baba ya tafi kudu neman abin da za mu ci. Hassu ta rasu da sanyin shekarar. Ƙyanda ce ta zo, amma yunwa ce ta buɗe mata ƙofa. Ni kuwa lissafi ɗaya na riƙa yi a raina: tulun nan, da yana nan, kunun wata biyu ne ga yarinya ƙarama. Ba wanda ya ce mini ni na kashe ta. Ba sai an faɗa ba.

Da damina ta zagayo Baba ya dawo a rame, ba iri ba dabba. Aka yi ruwan farko, Inna ta yi shiru. Aka yi na biyu, ta yi shiru. Da aka yi na uku ta je gayaunarta ta tona da hannu, danshi ya kai mata gwiwar hannu, sai ta dawo gida ta ɗauko matashin kanta, ta sa wuƙa ta farke shi a tsakar gida. Gargasa ta zubo a faifai, wajen mudu biyu. Baba ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro. Daga mudu biyun nan rabin Unguwar Gawo suka sake samun iri, aka yi ta sa wa Inna albarka har ta koma ga Allah. Ni abin da na fahimta a ranar shi ne, ta san bakina ba ya riƙe magana, shi ya sa na matashin ba ta nuna mini ba.

Ba ta taɓa tayar mini da zancen akurki ba, ko da wasa. Da zagina ta yi da na huta. A shekarar aka kai ni Katsina wurin gwaggona aka sa ni makaranta, na yi karatu kamar ana kora ta, na zama ma'aikaciyar ɗakin gwaji a asibiti, har aiki ya kawo mu nan. Duk abin da na yi wa Inna a rayuwa, da ɗakin da na gina mata da Makkan da na kai ta, akwai tulun nan a ƙarƙashinsa. A ciwonta na ƙarshe na riƙe hannunta na ce, "Inna, ki yafe mani maganar akurki." Sai ta juya fuskarta bango.

"Bar wanga zance, Rabi. Ba ki yi mani komi ba."

Na fito ina kuka, ina cewa wace irin uwa ce Allah Ya ba ni mai yafiya haka.

To, wannan ce kalmar da Alhaji Bashir ya jefo mini yana murmushi a kicin. Na ce masa a'a. Ya ce rabi kawai zai ɗiba. Na ce ko ƙwaya. Ya ce ni fa matsalata ba na yarda da kimiyya, ga tauraron ɗan'adam yana nuna abu ƙuru-ƙuru. Na ce Baffa Idi ma da rediyonsa ya zo. Bai san wane ne Baffa Idi ba, don ban taɓa ba shi labarin nan ba, sai ya yi dariya ya ce, "Yalla, mu je dai, Hajiya, Laraba bayan la'asar zan leƙa gonar. Ki yi tunani." Na san wannan "ki yi tunani" tasa shekara talatin. Ma'anarta ya riga ya gama nasa tunanin.

Bari in faɗa tun yanzu, guguwar ba ta zo ba. Ta juya ta sauke kayanta a kan wasu bayin Allah can nesa, mu ko ɗigo ba mu gani ba, zauren waya ya koma tallan turare da sanarwar ɗaurin aure. Amma ranar Laraba babu wanda ya san haka. Sama ta yi wani ja-ja, iska ta tsaya cik, kowa yana cewa alama ce.

Na dawo daga aiki da wuri. Alhaji yana fita masallaci na buɗe firij na ɗauko kwalbar. Ban zauna na tsara komai ba, hannuna ne kawai ya kama aiki. Na ɗebi kashi ɗaya cikin uku na ƙulle a tsohon ɗankwali, na kai ɗaki na cusa a cikin rigar matashina. Na dawo na juye sauran a gwangwanin madara, na ɗaga kai ina kallon saman kabad. A raina ina cewa, in ya buɗe firij bai ga komai ba, ba zai haƙura ba, sai ya birkice gidan nan. Dole ya samu wani abu. In ya rasa, Amira zai tambaya, autarmu, 'yar shekara goma sha biyu, wadda ba ta iya ɓoye wa ubanta ko alewa. In ta nuna masa gwangwanin ya ɗauka, hankalinsa zai kwanta, ba zai ƙara neman wani ba. Na jawo kujera, na ɗaga murya.

"Amira! Taho ki riƙe mani!"

"Ina zuwa, Mama!" ta amsa daga ɗakinta.

Ƙafata ɗaya tana kan kujera na tsaya. Kujerar ba ta rawa. Ba na bukatar kowa ya riƙe mini ita.

Inna ma ba ta bukaci kowa ba. Matar da ke ɗauko dami biyu daga gona, tulu ɗaya ne zai gagare ta? Ramin ta riga ta haƙa. Me na riƙe mata? Murfi. Murfin da za ta iya ajiyewa a ƙasa. Ga Sani a gidan ranar, yaron da ko an yanka shi ba ya magana, ba ta kira shi ba. Ni ta kira, ni da gari duka ya san ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba. Ta san zai nema har ya samu, sai ta tanadar masa abin da zai samu, ta kuma tanadar masa bakin da zai faɗa masa. Kallon nan da ta yi mini a tsakar gida, wanda na ɗauka tsana ce shekara arba'in da ɗoriya, Allah kaɗai Ya san mene ne. Da ta ce ban yi mata komai ba kuwa, ba yafiya ba ce. Gaskiya ta faɗa mini tsirararta, ta juya bango don kada in ga idonta.

Na sauko na zauna a kan tayil, wani irin fushi ya taso mini wanda ban taɓa jin irinsa ba. Ta ceci iri, na yarda. Rabin gari sun ci albarkacinta, na yarda. Ta kwana a kan mudu biyu na gero 'yarta tana lasar taɓarya, wannan tsakaninta da Ubangijinta, ban san abin da ta ji ba, ba kuma zan ce na fi ta tausayi ba. Amma ni fa? Kalma ɗaya ta gagare ta? Bayan an girbe, bayan na yi aure, bayan na haihu, ta kira ni gefe ta ce, Rabi, ni na shirya, sauke kayan nan. Ta bar ni na girma da gawar Hassu a kaina. Kuma ga ta a kabari shekara shida, babu ƙofar da zan je in buga in yi mata rashin kunya ko sau ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai, ban gano ta don na fi ta hankali ba. Na gano ta ne don na kama kaina da ƙafa a kan kujera.

Na tashi na ɗauko ɗankwalin daga matashi, na kwance, na juye gwangwanin, na mayar da komai cikin kwalba har ƙwayar da ta faɗi ƙasa. Na dire ta a tsakiyar teburin cin abinci. Ina direwa Alhaji ya yi sallama, makullin mota a hannunsa.

"Ga shi nan," na ce. "Ba zan ɓoye maka ba, ba kuma zan ba ka ba. Ranar da ruwa ya sauka ka je gonar ka tona da hannunka. In danshi ya kai maka gwiwar hannu, ka dawo in auna maka cokali uku. In kuma ƙarfi za ka gwada, bismilla, ɗauka ina kallonka. Amma na rantse da Allah, duk ranar da ka durƙusa gaban 'yata ka tambaye ta inda na ajiye wani abu a gidan nan, ranar za ka san wa ka aura."

"Amira kuma? Me ya kawo Amira cikin maganar gero?"

Sai hawaye suka zubo mini. Ya kalli fuskata, ya kalli kwalbar, ya kalli kujerar da ke gaban kabad. Bai fahimci komai ba, amma shekara talatin ba kwana talatin ba ce. Ya ajiye makullin, ya ɗauki kwalbar da hannu biyu ya mayar da ita firij, a bayan robar man shanu inda take zama.

"Khalas, shi ke nan, Hajiya. Sai an yi ruwan."

Sai a lokacin gimbiyar ta fito, waya a hannu, kunne ɗaya a toshe, tana jan silifa.

"Mama, ga ni. Me zan riƙe miki?"

Na share fuskata da gefen mayafi, na mayar da kujerar mazauninta.

"Ba komai, 'yata. Koma abinki. Babu abin da za ki riƙe mini."